Bam Ɗin da Ya Dawo da Kakana Gida

Kafin ku fara yi wa Likita ruwan zagi a ƙasan rubutun nan, ko ku ce mahaifina ya cika taurin kai, ku tsaya ku ji nawa laifin tukuna. Kwana goma ke nan ina juya maganar a raina, kuma duk ta inda na juya ta, ni nake tararwa a tsakiya.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da takwas, ina koyar da tarihi a wata sakandaren 'yan mata. Likita kuwa shi ne mutumin da nake son in aura. Yana aiki a sashen waɗanda wuta ta ƙona a babban asibiti, can muka haɗu bara, ranar da na kai wata ɗalibata da tafasasshen ruwa ya zubo wa a ƙafa. Wata goma sha ɗaya muna tare kafin na iya buɗe baki na faɗa wa Umma. Ita kuma ta ɗauki sati uku tana neman ranar da fuskar Abba take a sake. Daga ƙarshe Abba ya ce ya zo ranar Asabar a ci abincin rana, ya gan shi da idonsa.

Tun ranar Alhamis na sauke labulen falo na wanke. Ranar Asabar ɗin sau uku ina sauya kaya, kafin na tsaya a kan doguwar riga ruwan toka mai ƙananan maɓallai a wuyan hannu, da farin mayafi. Umma ta fito da farantan nan masu zanen ganye da ba a taɓa su sai babban baƙo ya zo. Yayana ma, wanda in ba an yi rashin lafiya ba ba a ganinsa, sai ga shi da sabon aski, wai ya zo ganin bawan Allahn da zai rage mana bakin ci.

Ƙarfe ɗaya saura kwata wayata ta yi ƙara, saƙon Likita ne.

“Na iso bakin layinku. Hannuna rawa yake, ni da nake ɗinke fatar mutane.”

“Abba ba ya cizo,” na rubuta masa.

“Akwai abin da ya kamata in kiyaye?”

Na daɗe ina kallon tambayar nan. Na rubuta, “Ko me za a yi, kada ka taɓa maganar bam.” Na karanta sau biyu. Sannan na danne na goge shi harafi bayan harafi. Abin da na tura shi ne: “Ka dai shigo ƙarfe ɗaya daidai. Tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa ne, minti ɗaya a wurinsa laifi ne.”

Bari in faɗa muku abin da na goge, da dalilin da yake da nauyi.

A falonmu, sama da rediyon Abba, akwai hoton wani siririn saurayi cikin kakin soja, hular ta yi masa yawa. Kakana ne, mahaifin Abba. An ɗauke shi yaƙin duniya na biyu, ya yi shekara uku a dazuzzukan Asiya yana yaƙi da sojojin Japan. Su goma sha biyu suka tafi daga unguwarsu, huɗu suka rage. A watan Agustan 1945 suna wani sansani kusa da teku, an raba musu sababbin takalma, an yi musu allurai, an ce kowa ya sa a rubuta masa wasiƙar gida, domin za a ɗora su a jirgin ruwa zuwa sabon fagen daga. Kowa ya san ma'anar wasiƙar. Suna cikin jiran nan labari ya zo cewa Amurka ta jefa wani sabon bam a Hiroshima, bayan kwana uku ta jefa wani a Nagasaki, ba a cika sati ba Japan ta ajiye makami. Kaka ya cire sababbin takalman ya yi rawa ba takalmi a cikin taɓo. Ya dawo gida, bayan shekara biyu aka haifi Abba.

Da wannan labari aka yaye mu. Abba kan kammala shi da magana ɗaya: “Ba don bam ɗin nan ba, da babu ni, da babu ku.” Ba wanda ya taɓa ce masa uffan.

Ni kuma a watan nan aka ɗora mini shirya 'yan ajin ƙarshe domin gasar muhawara, kuma taken da aka ba mu shi ne ko jefa bam ɗin nukiliya a kan Japan daidai ne. Likita ne ya taya ni tattara bayanai. Na ga fuskarsa ranar da muka buɗe hotunan a wani shagon shayi, na ga yadda ya ture kofinsa bai ƙara kurɓa ba. Na san ra'ayinsa sarai. Na san na Abba. Duk da haka na goge saƙon. Me ya sa? Ku yi haƙuri, zan zo kai.

Ƙarfe ɗaya daidai ya yi sallama. Farar riga mai dogon hannu, baƙin wando, kwandon lemo da ayaba a hannu. Abba ya duba agogonsa, na ga gefen bakinsa ya motsa. Aka gaisa, aka zauna. Shinkafa da kaza Umma ta yi. Rabin sa'ar farko kamar a mafarki: Abba na ba da labarin shekarar da ruwa ya cinye gada, shi kuma ya tsayar da jirgi da fitilar hannu, Likita na saurare har ya manta da cokalinsa, Yayana na zungurina da ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Sai Abba ya ce, “To, kai da wannan malamar, in kun haɗu me kuke tattaunawa? Ita dai a gida ba ta da zance sai na matattu.”

Likita ya yi dariya. “Ai Abba, satin nan ni ma ɗalibinta na zama. Muhawarar bam ɗin Japan muke shiryawa.”

Cokalin Umma ya tsaya a iska. Yayana ya janye ƙafarsa.

“Madalla,” in ji Abba, ya gyara zama. “Kai me ka gani a ciki?”

Likita ya dube ni. Wallahi ya dube ni, kamar mai neman izini. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina gyara ƙashin kaza a gefen faranti.

“A ganina, Abba, babban zalunci ne.”

“Zalunci.”

“Gari ne cike da mata da yara da tsofaffi. Ƙarfe takwas da kwata na safe, mutane na hanyar aiki, 'yan makaranta da yawa suna waje. Kafin shekarar ta ƙare, mutanen da suka mutu a garuruwan biyu sun haura dubu ɗari nesa ba kusa ba. Mafi yawansu ba su taɓa riƙe bindiga ba.”

“Su kuma waɗanda sojojin Japan suka yi shekaru suna kashewa a ƙasashen mutane fa? Su bindiga suka riƙe?” Muryar Abba ba ta tashi ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. “Ka san kowace safiya da yaƙin ya ƙara, mutum nawa ke mutuwa a sansanonin fursuna, da garuruwan da aka mamaye? Ka san sojan Japan ba ya ɗaga hannu? Da an shiga ƙasarsu da ƙafa, gida-gida za a yi. Waɗannan matan da yaran da kake tausayi, su ma da sun mutu, ninkin ba ninkin.”

“Wataƙila, Abba. Amma wataƙila ce. An riga an karya ƙasar, an toshe mata teku, ga Rasha na shirin shigowa. Ana iya jefa shi a inda ba kowa, a ce ku zo ku gani. Ana iya jira.”

“Jira.” Abba ya ajiye cokali. “Wa zai yi jiran? Kai? A kan kujera, bayan shekara tamanin, da cikinka a ƙoshe?”

“Ko an ce na farko dole ne, na biyun fa? Kwana uku kacal. Ko gawarwakin farko ba a gama kwashewa ba.”

Umma ta miƙe da sauri. “Likita, a ƙara maka shinkafa? Auta, kawo ruwan sanyi.”

Ban motsa ba. Shi ma bai ji ta ba. Ya ɗan matso gaba, ya haɗa yatsunsa, irin zaman da yake yi in zai yi wa dangin marar lafiya bayani.

“Abba, ka gafarce ni. Ni kullum da ƙuna nake wuni. Na san ƙarar da mutum yake yi in ana ɗaye masa bandeji. Mutum ɗaya in ya ƙone rabin jiki, mu shida muke kansa, da magani da ruwa da wuta, kuma sau da yawa ya tafi. Can kuwa dubbai ne a lokaci guda, likitocin garin ma sun ƙone tare da su. Ba zan iya kallon wannan in ce daidai ne ba. Bakina ba zai iya ba.”

Abba ya ɗaga hannu ya nuna bango, bai ko waiwaya ba.

“Ka ga wancan? Mahaifina ne. Yana bakin teku da wasiƙar ban kwana a aljihu ranar da bam ɗin ya faɗi. Shi ya dawo da shi. Wannan yarinyar da ka zo nema, ta cikin abin da kake kira zalunci ta fito.”

Likita ya ɗaga kai. Ya dubi hoton, ya dube ni. Wannan kallo na biyu har yau yana bina.

“Ban sani ba, Abba. Kuma ban ce da ma mahaifinka ya mutu ba.”

“Ba ka faɗa ba. Lissafinka ne ya faɗa.” Sai Abba ya juyo gare ni. “Ke malamar tarihi. Ke me kika ce?”

Ga inda nake so ku tsaya ku dube ni da kyau. Shekara shida ke nan, tun ina jami'a, da na daina yarda da yadda Abba ke rufe labarin nan. Na karanta, na ga hotuna, na yi kuka a ɗakin karatu. Amma ko sau ɗaya ban taɓa faɗa a gida ba. Shi ya sa na goge saƙon. Ina son in ji wani ya faɗi abin da na kasa faɗa, a falon nan, a ƙarƙashin hoton nan. Na tura mutumin da nake so ya shiga wuta a madadina, ban ko gaya masa akwai wuta ba.

Da aka tambaye ni kuwa, abin da ya fito daga bakina shi ne: “Abba ya fi mu sani.”

Likita ya ajiye cokali. Ya gode wa Umma, ya durƙusa ya yi wa Abba sallama, Abba ya amsa da ka. Yayana ne ya raka shi mota. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar kicin inda nake wanke farantan, ya ce, “Auta, mutane na rasa aure saboda dangi ko hali. Ke ce ta farko da za ta rasa shi saboda yaƙin duniya.” Ya ga ban yi dariya ba, sai ya ɗauki tsumma ya hau goge faranti.

Hukuncin Abba ta bakin Umma ya iso, washegari da safe, ina ɗaura agogo zan fita.

“Ya ce yaron yana da ladabi, yana da sana'a, bai ga aibunsa ba. Amma sai ya dawo ya janye kalmar nan a gaban hoton. In ba haka ba, kada ya ƙara tako masa gida.”

“Umma, ra'ayi ne fa.”

“Ra'ayin me? Mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni? Su za su zauna miki a ɗaki? Ke dai ki lallaɓa shi ya zo ya ce ya yi kuskure. Kalma nawa ce? Ni shekara arba'in ina ce wa ubanki haka ne a kan abubuwan da na san ba haka ba ne, ga ni, ban mutu ba.” Ta gyara mini mayafi a kafaɗa, muryarta ta yi ƙasa. “Shekarunki na tafiya, Auta. Kuma na ga yadda yake kallonki. Irin wannan ba kullum yake zuwa ba.”

Kwana biyu Likita bai rubuto ba. Ni ce na fara.

“Ka yi fushi?”

Sai bayan awa huɗu: “Ina aiki.”

“Ina son mu yi magana.”

“Ina tashi ƙarfe huɗu.”

Ranar Talata daga makaranta na wuce asibitin. Sashen nasu a hawa na biyu yake, ƙarshen baranda, inda warin magani ke haɗuwa da wani wari da ba na son in kwatanta muku. Ta gilashin ƙofa na hango shi a kan wata mata da tukunyar gas ta fashe da ita. Yana ɗaye bandejin hannunta a hankali, yana yi mata hira, ita kuma ta cije gefen zanin gado, hawaye na gangara cikin kunnenta. Na koma kan benci na zauna.

Da ya fito ya wanke hannu ya zauna, ya bar tazarar mutum ɗaya a tsakaninmu.

“Na tambaye ki ko akwai abin da zan kiyaye,” ya ce.

“Na sani.”

“Mantawa kika yi?”

Da na ce eh, da ya yarda. Na ce, “A'a. Na rubuta, na goge.” Na faɗa masa duka, har da shekara shidan.

Ya dubi takalmansa. “Wato ra'ayinmu ɗaya.”

“Kusan ɗaya.”

“Kika bar ni ni kaɗai.”

Sai na isar da saƙon Abba, ina jin kunyar kowace kalma.

“Zan je in ba shi haƙuri,” ya ce. “Na yi magana mai zafi a kan teburinsa, a gaban hoton mahaifinsa, a ranar da na zo roƙo. Wannan kuskurena ne, ko sau goma ne zan durƙusa. Kuma tun ranar nake tunanin tsohon nan a bakin teku. Da ni ne ɗansa, wataƙila da bakin Abba zan yi magana. Amma in tsaya in ce ƙona garin nan daidai ne, sannan gobe in shigo nan in kama hannun matar can? Ba zan iya ba. In na fara zama da ke da ƙarya, da me zan ci gaba?” Ya miƙe, sannan ya ƙara da cewa, “Ba amsata ce ta dame ni ba. Taki ce.”

Ranar Alhamis na tafi wurin Gwaggo, yayar Abba, wadda ta girme shi da shekara shida. Tana zaune a wani ɗaki a gidan ɗanta, da gadonta na ƙarfe da tsohon keken ɗinkinta da ta hana a sayar ko da yake idonta ya daina ganin zare. Niyyata in roƙe ta ta sa baki, domin ita kaɗai ce Abba ba ya iya yi wa musu. Na zauna a ƙasa ina matsa mata ƙafa na zayyana mata komai.

Ta saurare ni har ƙarshe. Sai ta ce, “Ubanki rawar kawai yake ba ku labari ko?”

“Akwai wani abu bayan rawar?”

“Akwai takarda.” Ta gyara filo. “Kin san da Baba ya dawo, gyaran takalma ya kama. Yakan sayi tsofaffin mujallun Turawa a kilo yana yanka samfurin tafin takalmi da su. Ina da shekara goma sha biyar, wata rana na kai masa abinci shago, na tarar ya shimfiɗa wani shafi a kan benci, almakashi a hannu, bai yanka ba. Hoton bayan wata mata ne. Zanen rigarta ya ƙone ya manne a fatarta, gida-gida, kamar an buga mata hatimi. Shi bai iya karatu ba. Ya ce, ‘Ke 'yar makaranta, karanta mini abin da aka rubuta a ƙasa.’ Na haɗa Turancina na karanta. Da na kai sunan garin sai ya zauna.”

“Me ya ce?”

“Ya ce, ‘Ashe mata ne? Mu an ce mana barikin soja ne.’ Kwana uku bai buɗe shago ba. A rana ta huɗu ya kira ni ya ce, ‘Kin san abin da ya fi damuna? Da za a maida ni bakin tekun nan, in san duk abin da na sani yau, a ce yaƙi ya ƙare, wallahi sai na sake yin rawar. Ina son in dawo in gan ki. Allah ya yafe mini, ina son in dawo.’ Daga ranar bai ƙara ba da labarin rawar da bakinsa ba har ya koma ga Allah.”

“Gwaggo, me ya sa ba ki taɓa faɗa wa Abba ba?”

“Yaro ne ɗan shekara tara, yana ganin ubansa kamar dutse. In ce masa me?” Ta janye ƙafarta daga hannuna. “Kuma ba zan sa baki a maganarku ba. Kin aika saurayi ya yi miki magana, yanzu kin zo ki aiki tsohuwa. Bakinki ciwo yake?”

Jiya Litinin aka yi muhawarar gwaji a aji. 'Yan matan sun yi ƙoƙari, ɓangare na kawo adadi, ɗaya ɓangaren na kawo nasa, har aka fara buga tebur. Da aka tashi, wata 'yar shiru-shiru da ke zama a layin baya ta tsaya tana jiran kowa ya fita. Ta ce, “Malama, ke wane ɓangare kike?” Na buɗe baki zan ce malami ba ya ɗaukar ɓangare, irin amsar da muke ba su. Sai na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na ce mata, “Ki tambaye ni gobe.”

Yau da safe, ƙarfe bakwai, na sami Abba a baranda inda yake shan shayi kullum, da farar singileti da tabarau a kan hanci, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Na durƙusa na gaishe shi. Ban tashi ba.

“Lafiya?”

“Abba, ranar Asabar ɗin da Likita ya zo ka tambaye ni, na yi maka ƙarya.”

Ya kashe rediyon.

Na faɗa masa komai. Na ce ina gode wa Allah da Kaka ya dawo, kuma ba ranar da zan so a ce bai dawo ba. Na ce na san yaƙin na cin rayuka kowace rana, kuma ban san abin da zai faru ba da ba a jefa ba, ba kuma wanda ya sani. Amma ƙona gari da yaransa zalunci ne, ko da ni ce na ci ribarsa. Na ce na daɗe da wannan ra'ayi, tsoronsa ne ya hana ni faɗa. Na ce na san abin da Likita zai ce, na bar shi ya faɗa rami da gangan. In akwai wanda za a hana shiga gidan nan saboda kalmar nan, to da ni za a fara.

Ya cire tabarau ya ninke. Ya dubi bishiyar da ke tsakar gida.

“Wurin Gwaggonki kika je ranar Alhamis.”

“Eh, Abba.”

“Ta ba ki labarin takardar.”

Na ɗago da sauri.

“Ina bakin ƙofar shagon,” ya ce. “Na biyo ta in karɓi ragowar abincin. Na ji abin da ta karanta, na ga ya zauna. Bayan sun fita na shiga na ga hoton da idona.” Ya shafa fuskarsa da tafin hannu. “Ita tana ganin ta ɓoye mini. Shekara sittin da wani abu ina barinta a haka.”

“To Abba, me ya sa...”

“Kina tsammani don ban san matar nan ba nake faɗin abin da nake faɗa? Na san ta kafin a haifi uban likitanki. Amma in na ce zalunci ne, Auta, ina zan ajiye kaina? Ina zan ajiye ku? Mutum ya tashi kowace safiya ya ce numfashin nan da nake yi da fatar wata aka saye shi?” Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe. A rayuwata ban taɓa jin haka ba, ko ranar da aka binne ƙaninsa.

Na rasa abin yi, na kama gefen kujerarsa na riƙe. Umma na tsaye a ƙofar kicin da butar shayi, ba ta shigo ba, ba ta koma ba.

Can ya mayar da tabaransa. “Kira mini shi.”

“Yanzu?”

“Yana da wani lokacin da ya fi yanzu?”

Na danna lambar, na sa a lasifika, na ajiye wayar kusa da kofinsa. Ta yi ƙara sau huɗu. Da Likita ya ɗauka, sunan da yake kirana da shi ya fara faɗa, sai Abba ya yi gyaran murya.

“Ni ne.”

“Abba! Ina kwana, Abba. Dama ina son in zo in ba da...”

“Riƙe haƙurinka, ba shi na kira nema ba. Na janye sharaɗina, ba sai ka janye komai ba. 'Yata ta ce bakinku ɗaya, kuma ta faɗa mini a fuskata.” Ya ɗan tsaya. “Amma ranar nan ka gaya mini abin da bai kamata a yi ba. Wannan kowa ma zai iya. Ni tambayata daban ce. A ce kai ne alƙalamin ke hannunka. Ga gari can da matansa da yaransa. Ga mahaifina nan a bakin teku, shi da dubban irinsa, da wasiƙa a aljihu. Waɗanda ka yarda da su sun ce maka in ba ka sa hannu ba, waɗannan za su shiga jirgi, kuma ba ka da tabbacin komai, kamar yadda su ma ba su da shi. Me za ka yi? Kuma in ka ƙi sa hannu, me za ka ce wa 'yarsa mai shekara uku da ke jiransa a gida?”

Ina jin ƙarar keken marasa lafiya na wucewa a bayan Likita ta cikin wayar.

“Kada ka amsa yanzu,” in ji Abba. “Ka zo ranar Asabar, ƙarfe ɗaya. Ba na son amsar da za ta faranta mini. Ina son in san irin mutumin da zan ba 'yata.”

Ya miƙo mini wayar, ya ɗauki shayinsa da ya riga ya huce. Har na kai ƙofa ya kira ni.

“Auta. Ke ma ki zo da taki amsar. Wannan karon ke za ki fara.”

Ina cikin motar haya zuwa makaranta saƙon Likita ya shigo.

“Na gode da kika yi magana.”

Kafin in amsa wani ya biyo.

“Tun da ya kashe wayar nake tsaye a baranda. Ban san amsar ba. Ke kin sani?”

Na rubuta “A'a.” Wannan karon ban goge komai ba, na tura.